Gabashin Jihar Kebbi: Iyakokinsa da Matsayin Ribah

A tsarin mulkin jiharmu babu wani yanki da doka ta raɗa wa suna gabashin Kebbi. Idan muka ambace shi, ƙasar Masarautar Zuru muke nufi, ɗaya daga cikin masarautu huɗu na jihar, tare da Gwandu, Argungu da Yauri.

Ƙananan hukumomi huɗu ne suka haɗu suka yi wannan yanki: Zuru, Fakai mai hedikwata a Mahuta, Sakaba mai hedikwata a Dirin Daji, sai Danko/Wasagu mai hedikwata a Ribah, wadda ta fi kowace ƙaramar hukuma a jihar shiga gabas. A ɓangaren sarauta kuwa gundumomi biyar ne: Dabai, Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu.

Yankin ya yi iyaka da Jihar Zamfara ta arewa da gabas, da Jihar Neja ta kudu. Ƙasa ce mai duwatsu da tuddai, saɓanin shimfiɗaɗɗun fadamun Argungu da Birnin Kebbi, kuma ta fi arewacin jihar samun ruwan sama. Dakarkari, Fakkawa, Dukawa, Kambari, Hausawa da Fulani na daga cikin mazaunanta.

Tarihi ne ya shata waɗannan iyakoki. Kafin 1967 Zuru tana ƙarƙashin Lardin Neja. A shekarar ta shiga Jihar Arewa maso Yamma. Da aka raba wannan jiha a 1976, sai Zuru ta faɗa Jihar Sakkwato maimakon Neja, kana ta zama ɓangaren Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991. Ƙirƙiro Zamfara a 1996 ne ya ba ta maƙwabciyarta ta gabas ta yanzu.

Muna jan hankalin masu karatu kada su haɗa wannan yanki da mazaɓar Sanatan Kebbi ta Kudu. Mazaɓar ta fi shi faɗi, domin ta ƙunshi har da Yauri, Shanga da Ngaski, wato ƙananan hukumomi bakwai ke nan. Don haka mutumin Ribah ɗan gabas ne a taswira, ɗan Masarautar Zuru a sha'anin sarauta, ɗan Kebbi ta Kudu a ranar zaɓe.

Sanin iyakokin yana da amfani ga sha'anin tsaro da rikicin gona da kiwo, domin dazuzzukan Bena da Wasagu sun miƙe har cikin Zamfara da Neja. Kare su aiki ne da ke buƙatar haɗin kan jihohin uku.