Farin dango: daga Tamesna zuwa kwanon tuwonmu

'Yan'uwana ɗalibai, mu yaran Akokan, in aka ce tarihi, yuraniyom muke tunawa. To ni yau zancen fara zan yi, don ƙasarmu na cikin mahaifarta.

Yamma da Arlit akwai filin Tamesna, gabas kuma duwatsun Ayir. A nan farin dango ke zaune shekara da shekaru, ita kaɗai, launin ƙasa, tana gudun 'yan'uwanta, ba ta cutar kowa. Masana sun daɗe suna ɗaukar mai kaɗaici da mai tafiya runduna iri biyu ne. Sai a 1921 wani masani ɗan Rasha, Boris Uvarov, ya nuna cewa fara ɗaya ce ke sauya hali da kama.

Ga yadda abin yake. In an yi ruwa sosai, macen ta binne ƙwai cikin yashi mai laima, su ƙyanƙyashe cikin kamar mako biyu. Ciyawa ta fara bushewa, duk su taru kan ɗan koren da ya rage. Gogayyar ƙafafunsu na baya ita ke juya su: su yi ja-ja, daga baya su koma rawaya, su tashi tare. Kowace na cin nauyin jikinta a yini, giram 2. Kaɗan ne ko? Amma kilomita ɗaya murabba'i na ɗaukar miliyan 40, kuma suna iya tafiyar kilomita 150 a rana.

Nijar ta ɗanɗana. A 1931 fara da fari suka jawo yunwa a yammacin ƙasa. Ta dawo 1987 zuwa 1989. Ruwan 2003 ya sa ta hayayyafa a Muritaniya, Mali da arewacin Nijar, ta haura Maroko da Aljeriya, ta sauko mana a daminar 2004. Ta haɗu da ƙarancin ruwa, 2005 ta zama shekarar yunwa.

Wani zai ce, ina ruwan ɗan Akokan, da ba ya noman gero? Ai tiyar da muke saye daga kudu take zuwa. In gonar Tawa ko Damagaram ta ƙone, mu ne ƙarshen hanya, mu ke sayen ta da tsada. Makiyayi kuma ciyawar raƙumansa ce ke tafiya.

Abin da na ɗauka daga tarihin nan: fara tun tana ƙasa ake cin ta da yaƙi. In kun fita daji bayan ruwa kuka ga 'ya'yanta sun taru suna tsalle waje ɗaya, ku kai labari ga ma'aikatan gona. In ta yi fiffike, sai addu'a.