Lemur da Dazuzzukan Madagaska a Tarihi

Jawabina na yau ya shafi wata dabba dangin biri da ake kira lemur, wadda asalinta tsibirin Madagaska ne, a Tekun Indiya, kimanin kilomita 400 daga gaɓar Mozambik. Masana na ganin kakanninta sun ƙetaro ne daga Afirka bisa tarkacen itatuwa da ruwa ya kwaso, fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce. Da yake babu birai a tsibirin da za su yi gogayya da su, sai suka yaɗu har suka kasu fiye da iri 100. Ƙaraminsu nauyinsa giram 30 ne kacal, babbansu kuwa, wato indri, yakan kai kilo 9. A yawancin garkensu mace ce ke gaba, ita ke fara cin abinci. Masanin halittu na Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa musu wannan suna a 1758, daga kalmar Latin mai nufin fatalwa.

Tarihin dabbar ya sauya ne da zuwan ɗan Adam. Ƙasusuwan da aka tono sun nuna aƙalla iri 17 sun ƙare, dukkansu manya, har da wani mai girman gorila. Farauta da ƙona daji na cikin dalilan. Faransa ta mallake tsibirin a 1896, ta keɓe gandun daji na farko a 1927, amma a zamaninta ne aka sare dazuzzuka domin katako da gonakin kofi. Samun mulkin kai a 1960 bai tsai da ɓarnar ba, domin tsakanin 1953 da 2014 ƙasar ta yi asarar kashi 44 cikin 100 na dajinta. Bayan rikicin siyasar 2009, ɓarayin katako suka afka gandun Masoala da Marojejy, suna sara suna farautar lemur. A 2020 ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta bayyana cewa iri 103 cikin 107 na fuskantar ƙarewa.

Akan ɗora laifin duka bisa manomi, saboda noman tavy, wato sare daji a ƙona a shuka shinkafa. To, amma mutumin da ba shi da taki, ba shi da wata gona, me zai ci in bai sare ba? Shi ne kuma, bisa al'adar fady, wato haramcin gargajiya, ya daɗe yana kare indri, yana ɗaukarsa ɗan'uwa. Jan katakon da aka sace kuwa, jiragen ruwa suka kai shi kasuwannin Sin.

Saboda haka, ku da za ku riƙe ragamar ma'aikatu gobe, ku lura: dokar gandun daji ba ta tsayuwa sai an samar wa maƙwabcin dajin abin da zai ci. Ran lemur na rataye ne da rumbun manomi.