Tafiyar Kwale-kwale a Kogin Kolorado

Tafiyar kwale-kwale a Kogin Kolorado safara ce ta kwana da kwanaki a jihar Arizona ta Amurka, inda kogin ya keta hamada ya haƙa ƙasaitaccen kwazazzabon nan da ake kira Grand Canyon. Galibi akan tashi daga Lees Ferry a sauka a Diamond Creek, cikin ƙasar ƙabilar Hualapai, tazarar kimanin kilomita 360, wadda jiragen roba masu inji kan cinye cikin mako guda, alhali masu tuƙi da filafili sai sun yi mako biyu ko uku, suna yada zango a kan yashi kowane dare.

John Wesley Powell, sojan da ya rasa hannun dama a yaƙin basasar Amurka, shi ya jagoranci ayarin da ya ratsa kwazazzabon a shekarar 1869 cikin jiragen katako. Mutum uku daga jama'arsa, da tsoro da ƙarancin guzuri suka ishe su, suka haura tudu da ƙafa, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Tun da aka datse kogin a Glen Canyon a 1963, ruwan yakan fito da tsananin sanyi ko da bazara, saboda haka wanda jirginsa ya kife a gangaren Lava Falls yana cikin haɗari biyu: nutsewa da sanyi.

Hukuma ta wajabta wa matafiya su kwaso shararsu duka, har bayan gida da toka, cikin rufaffun akwatuna, kuma lalle wannan hukunci ne mai hikima. Izinin tafiya ta ƙashin kai kuwa, tun 2006 da ƙuri'a ake samunsa.