Ramukan kuza na Jos: Turawa sun tafi, ruwa ya zauna

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos zuwa Bukuru ko Barikin Ladi ya ga waɗansu tabkuna a gefen hanya, ruwa kore shar, kewaye da tsibin jar ƙasa. Baƙo sai ya ɗauka halittar Allah ce irin tabkin Madarunfa. To ba haka ba ne. Ramukan haƙar kuza ne da aka bari a buɗe, ruwan sama da na ƙarƙashin ƙasa suka cika su, kuma sun haura dubu.

Tun kafin zuwan Bature maƙeran Ririwai suna narka kuza, fatake na kai dalmar kasuwannin ƙasar Hausa. Ita ce Turawan Ingila suka gani suka bi sawu. Wajen 1904 kamfaninsu ya kafa sansani a Naraguta, a 1914 ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso, sai aiki ya buɗe. Lebura suka kwararo daga Kano, Katsina, Sakkwato da Barno, har da namu na wannan gefen iyaka, masu gudun haraji da aikin dole na Faransa. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuza, sai ta juyo kan Jos da ƙarfi. Aka riƙa kwaso mutane daga ƙauyuka ala tilas, abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, kuma da yawa sanyin Jos da yunwa da cuta suka kashe su a barikoki. A 1943 aka fitar da wajen tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba.

Yadda ake aikin shi ne ya haifi tabkunan. Kuzar Jos tana kwance a tsofaffin hanyoyin rafi da ƙasa ta binne. Sai manyan injuna su kwashe ƙasar sama su jibge a gefe, a fasa tsakuwar ƙasa da ruwa mai ƙarfi, a zuƙo ta, a wanke, kuza ta kwanta saboda nauyinta. Muddin ana aiki ana janye ruwan ramin. Ranar da aka kashe inji, ruwa ya fara hawa.

Masu ƙasar, wato Birom, sun yi ta kuka a kan gonakinsu. A 1946 dokar ma'adinai ta ɗora wa kamfanoni nauyin gyara wurin da suka tona, daga baya gwamnati ta kafa sashen gyaran filayen. Sai dai dokar ta zo bayan shekara arba'in ana ɓarna, kuma tsofaffin ramuka ba su da mai ɗaukar nauyinsu. Inda aka gyara ɗin ma, baje tsibin ƙasa aka yi aka dasa itacen turare, da niyyar ƙasa ta farfaɗo a maida wa manoma. Turare ya ba da itacen girki da na gini, amma ƙasar ba ta dawo yadda aka so ba, don tun farko an cakuɗa ta sama mai albarka da ta ƙasa. Masu bincike sun ƙiyasta filin da aka lalata ya haura murabba'in kilomita 300, abin da aka gyara kuwa ɗan ƙalilan ne. Da farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, sauran kamfanonin suka tattara nasu ya nasu.

Wanda ya fara ganin amfanin ruwan nan ba injiniya ba ne, talaka ne. Hausawa 'yan cin rani da tsofaffin lebura, waɗanda suka san noman fadama tun daga gida, suka kafa jigo a bakin ramuka da rafin Dilimi, suka yi garake. Ƙasar ba ta da ƙarfi, sai suka riƙa sayen sharar gari da toka suna zubawa har ta yi baƙi ta karɓi shuka. Daga baya injin ban ruwa mai shan mai ya maye gurbin jigo, matasan Birom su ma suka shiga sana'ar. Yau salati, shu, karoti, tumatir da koren wake na Jos suna zuwa har Legas da Abuja, kuma kaso mai tsoka da ruwan ramin kuza aka shayar da shi. Wasu ramukan an zuba musu kifi, na Rayfield kuwa an maida shi wurin shaƙatawa ana yawo da kwale-kwale.

Amma kada mu yi wa abin kwalliya. Tabkin Allah yana da gaɓa mai gangarowa a hankali, yaro ya shiga ya ji ruwa a idon sawu, sannan gwiwa. Ramin kuza a tsaye yake kamar rijiya, taku biyu ka rasa ƙasa, ga laka a gindi mai riƙe ƙafa. Shekara da shekaru yana cin yara masu wanka, mata masu wanki, da shanu. Ga sauro. Ga kuma dusar da ta rage bayan an tace kuza, wadda ke ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya, mutane kuma suna ɗibarta su yi gini ba su sani ba. A ganinmu babban laifin ba barin ruwan ba ne, ai ruwa a rani dukiya ne. Laifin shi ne an bar shi ba a kwantar da bakinsa ba, ba shinge, ba a auna lafiyarsa, kuma ba a faɗi wa ke da shi ba. Ga shi ruwan ya zama abin so, ƙasar da ke kewaye da shi kuma tana da masu ita, a yankin da rikicin fili bai da wuyar tashi.

Me ya kawo mu Jos alhali muna Maraɗi da Damagaram? A Arewa an rufe mahaƙar Kominak ta Akuta a ƙarshen watan Maris na 2021, ta bar tsibin dusar uraniyom wajen tan miliyan 20. Can ruwan sama kaɗan ne, abin tsoro shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa da jama'ar Arlit ke sha. Nan kudu kuwa namu ya fi kama da na Jos. A watan Nuwamba na 2021 ramin zinariya ya rufta a Garin Liman cikin Ɗan Isa, mutum aƙalla 18 suka rasu, hukuma ta ba da umurnin rufe wurin. Allah Ya jiƙansu. Rufe wuri da takarda daban, cike rami daban. Haka nan ramukan burji da kamfanonin hanya ke bari a gefen gudurô, damana na zuwa su zama kududdufi, yara na iyo, dabbobi na sha, tsargiya na yawo.

Magadan gari su ne ke kusa da waɗannan ramuka. Kafin a ba kamfani izinin tona, a rubuta wanda zai kwantar da bakin ramin, a ajiye ƙasar sama gefe guda, a kuma karɓi kuɗin gyara tun injuna suna wurin. Wanda ke riƙe ruwa har watan Maris, a auna ruwan, in lafiya lau ne a yanka wa ƙungiyar mata ko ta matasa garake a bakinsa da takarda a hannu. In akwai irin wannan rami a garinku, ku faɗa mana sunan wurin da watan da yake ƙafewa.