Zargin Son Kai a Jaridun Chicago: Nazari kan Rahotannin Cubs da White Sox

Tsakure

Maƙalar ta duba ƙorafin magoya bayan White Sox cewa jaridar Chicago Tribune tana fifita Cubs a shafukanta na wasanni. Matsayarta ita ce ƙorafin yana da tushe, amma ƙirga labarai kaɗai ba zai tabbatar da shi ba, domin kamfanin da ke da jaridar a da shi ya gina kasuwar da editoci ke kafa hujja da ita.

Tushen ƙorafi

Birnin Chicago na Amurka yana da manyan ƙungiyoyin besbol biyu. Cubs tana wasa a filin Wrigley da ke arewacin birni, White Sox kuma a kudanci, ɓangaren da aka fi sani da ma'aikatan masana'antu da baƙaƙen fata. A 1981 kamfanin Tribune ya sayi Cubs daga iyalan Wrigley kan dala miliyan 20.5, ya riƙe ta har 2009. Duk tsawon shekarun nan ashirin da takwas, wakilin jaridar da ke rubuta labarin wasa da ɗan wasan da ake rubutun a kansa, uban gidansu ɗaya. Ko da wakilin ya tsare gaskiyarsa, ba a ga laifin mai karatu ba idan ya yi zargi.

Abin da ido ke gani

Binciken halayyar ɗan Adam ya ja mana kunne a nan. Hastorf da Cantril (1954) sun nuna wa ɗaliban Dartmouth da na Princeton fim ɗin wasa guda da makarantun suka buga, kowane ɓangare ya ƙirga laifuffuka daban. Vallone, Ross da Lepper (1985) sun gano makamancin haka kan labaran talabijin na kisan kiyashin Beirut na 1982: magoya bayan ɓangarorin rikicin biyu duk sun ce an zalunci nasu. Saboda haka jin an yi wa ƙungiya rashin adalci shaida ce kan mai karatu kafin ta zama shaida kan jarida.

Sai dai wannan bayani bai wanke Tribune ba. Amsar da aka saba ba masu ƙorafi ita ce jarida tana bin masu saye ne, kuma Cubs ta fi jama'a. Alƙaluman 2005 suna mara wa wannan baya. A shekarar White Sox ta ci wasa 99, ta lallasa Houston Astros sau huɗu a jere ta ɗauki kofin World Series, karo na farko tun 1917. Cubs ta ci 79 ta sha kashi 83, amma 'yan kallo sama da miliyan uku suka shiga filinta, na White Sox kuwa kimanin miliyan 2.3.

To, daga ina jama'ar ta fito? Tashar WGN, ita ma mallakar Tribune a lokacin, ta hau tauraron ɗan Adam a 1978, tana kai wasannin Cubs gidaje a faɗin ƙasa, galibi da rana, tunda ba a sa fitilu a Wrigley ba sai 1988. A 1982 sababbin masu White Sox, Jerry Reinsdorf da Eddie Einhorn, suka mai da yawancin wasanninsu tashar SportsVision wadda sai an biya ake kallo. A shekarar ce kuma mai sharhi Harry Caray ya bar su ya koma Cubs. Rabin raunin, su suka yi wa kansu. Ɗaya rabin kuwa, kamfani guda ne ya haɗa ƙungiya da talabijin da rediyo da jarida, ya tara magoya baya, sannan jaridarsa ta ce ai jama'a take bi.

Hanyar aunawa

Awon da zai gamsar yana buƙatar kwatance biyu. A ɗora Tribune kan Chicago Sun-Times, wadda ba ta mallaki Cubs ba amma kasuwarsu ɗaya. Abin da ya rage na bambanci shi za a jingina ga mallaka. Sannan a kwatanta Tribune da kanta kafin da bayan 2009, lokacin da iyalan Ricketts suka karɓi ƙungiyar. Kuma kada a tsaya kan yawan labarai. A duba wace ƙungiya ke samun shafin farko ran da duka biyu suka yi nasara, da yadda ake siffanta unguwannin filayen biyu, domin da yawa daga mutanen kudu abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake kwatanta unguwarsu.