Borin Jini da Tafiyar Haƙori: Tarihin Haɗuwar Ilmi Biyu

Maƙasudin wannan lacca shi ne a nuna yadda wasu fannoni biyu na ilmin likita, waɗanda aka haifa kusan lokaci guda, suka share shekara wajen casa'in kafin a gane dangantakarsu.

A 1904 wani masanin ƙasar Suwidin, Carl Sandstedt, ya ɗaura wa haƙoran kare waya mai ja, sa'an nan ya duba muƙamuƙin da madubin likita. Sai ya tarar ƙashi yana zaizayewa a gefen da haƙori ya danna, sabo kuwa yana tsirowa a gefen da ya baro. Wato jiki ne da kansa yake buɗe wa haƙori hanya. A 1906 kuma, a birnin Biyana, likitan yara Clemens von Pirquet ya ƙago kalmar alaji, wadda a yau ta ƙunshi irin borin da garkuwar jiki takan yi wa abin da ba ya cutar da sauran mutane, kamar ƙura ko gyaɗa.

Matsala ta bayyana a 1927, sa'ad da Albert Ketcham na Amurka ya nuna da hoton ƙashi cewa saiwar haƙoran wasu da aka yi wa gyara ta gajarce. To, me ya sa wasu, ban da wasu? Haske ya fara samuwa a shekarun 1980, da Zeev Davidovitch da abokan aikinsa suka nuna cewa sinadaran kumburi ne suke tafiyar da haƙori, alhali kuwa alaji shi ma kumburi ne. A 1999 binciken McNab a Ostareliya ya sami zaizayewar saiwar turame fiye da kima ga masu asma. A 2013 kuma masanan Jami'ar Kyushu ta Japan suka ga irin wannan zaizayewa ga ɓerayen da aka sa wa alaji.

Ba kowane mai alaji abin yake shafa ba, amma saiwar da ta gajarce ba ta komawa tsawonta. Saboda haka wajibi ne uban da zai kai ɗansa a daidaita masa haƙora ya shaida wa likita in yaron yana da asma ko borin jini, domin a sassauta jan waya, a kuma riƙa ɗaukar hoton saiwa a kan kari.