2.3 Tarihin Zaɓen Babbar Manhaja a Sutudiyon Kiɗa na Ƙasar Daura

Kamar yadda aka ambata a baya, ƙasar Daura tana da daɗaɗɗen tarihi a fagen kiɗa. Tambari da kakaki da algaita su ne ke raka Sarki a hawan Sallar Gani. Haka kuma a garin Daura aka binne Alhaji Mamman Shata a shekarar 1999, saboda kusancinsa da Sarkin Daura Muhammadu Bashar. A zamanin su Shata, mawaƙi ba ya rabuwa da makaɗansa na kalangu da 'yan amshi.

Sauyi ya faro ne daga Kano. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, masu shirya finafinai suka koma ga fiyano ƙirar Yamaha, wanda mutum ɗaya zai iya kwaikwayon kayan kiɗa da dama da shi. Daga baya kwamfuta ta shigo, sai aka fuskanci tambayar wace babbar manhaja za a ɗauka: Windows ta kamfanin Microsoft, ko Macintosh ta kamfanin Apple, ko kuwa Linux wadda kyauta ce.

Idan aka yi la'akari da tarihi, za a ga cewa ba inganci ne ya yanke hukunci ba. Dalili na farko shi ne manhajar haɗa kiɗa. FruityLoops, wadda aka sauya wa suna zuwa FL Studio a 2003, ita ce matasa suka fi koya, kuma ba ta samu cikakkiyar shiga Macintosh ba sai 2018. A ɗaya ɓangaren, da Apple ya sayi kamfanin da ke yin Logic a 2002, sai ya janye ta daga Windows. Dalili na biyu shi ne kuɗi, domin kwamfutocin Windows na hannu sun fi araha, ga kuma kofen manhajoji a kasuwa. Na uku shi ne mai gyara: wanda kwamfutarsa ta lalace a Daura ko Mai'aduwa ko Zango, mai gyaran Windows zai fi samu kusa. Ita kuwa Linux, duk da fitowar Ubuntu Studio a 2007, ba ta samu masu koyar da ita ba.

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa Windows ta yi rinjaye ne saboda sauƙi. Sai dai sauƙin ya zo da asara. Sautukan da ke zuwa da waɗannan manhajoji galibi na kayan kiɗan ƙetare ne, alhali kalangu magana yake yi da karin harshen Hausa ta hanyar matse tsirkiya da sassauta ta. Sutudiyon da bai gayyato makaɗi ya ɗauki sautinsa ba ya rasa wannan magana, kowace babbar manhaja ya zaɓa.